Injinan da Ummulkhairi Ta Bari Ta Tafi Wanka

In ka shiga Talata Mafara ka tambayi Ummulkhairi Sallau, sai a tsaya ana ɗage kai ana tunani. Amma ka ce Mai Saba, ko mai tuyar awara za ta nuna maka hanya: bayan kasuwa, ɗaki mai koren ƙyaure, jikin shagon Baba Filibus mai gyaran rediyo. Saba dai wata ƙatuwar kwamfuta ce da ba ta da aiki sai riƙe wa sauran kwamfutoci ajiyarsu, ta miƙo musu in sun nema. Uku ne a hannun Ummulkhairi, ɗaya a Mafara, ɗaya a Bakura, ɗaya a Maradun, kuma shaguna da makarantu da injinan casa arba'in da uku ne suka jingina da su.

'Yar Tsibiri ce, 'yar fari a gidan Sallau manomin shinkafa. Gajeriya, ga murya, ga rashin haƙuri da abin da ba ya aiki. Lokacin da wayar hannu ta fara shiga ƙauyensu, sai an hau wani tudu a bayan gari ake samun sabis, kuma ita ce ake tara wa wayoyi a kwanon sha ta hau da su, ta jira saƙonni su shigo, ta sauko ta raba wa kowa tasa. A can saman tudun ta koyi latse-latse. Ta yi sakandare a Maradun, ta karanta kwamfuta a Poli ta Mafara, ta kama aiki a wani shagon buga takardu. Kafin shekara biyu, duk wanda kwamfutarsa ta yi gardama a garin, ita yake nema. A nan ma Sulaiman malamin dabbobi ya same ta, ya kawo tasa gyara sau huɗu a wata guda, har ta ce masa in magana ce da shi ya faɗa, kwamfutar nan lafiyarta lau. Ya faɗa, aka yi aure.

Sai ga shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda rashin tsaro. Kai, an ga tashin hankali! 'Yan kasuwa da yawa sun riga sun saba ajiye takardunsu a intanet, a abin nan da Turawa ke kira girgije. Ummulkhairi takan ce wane girgije, kwamfutar wani ce a ƙasar wani. To, da sabis ya ɗauke, kowa ya gane gaskiyarta. Helen mai kemis ta kasa buɗe jerin magungunanta da ranakun lalacewarsu. Mai hoto ya rasa hotunan bikin mutane. Alhaji Nasidi, mai injin casar shinkafa mafi girma a yankin, sai da ya tuƙa mota har Sakkwato don ya buga shafi biyu na rajistar manomansa, ya dawo yana huci.

Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar garuruwan uku, kuma shi ya ce ba za a sake ba. Sai dai ka san taron ƙungiya: shekara biyu aka kwashe ana shayi ana musu kafin a sayo saba uku na hannu, da sola, da batura, da eriyoyin da za su haɗa garuruwan ko babu layin waya. Kowace saba za ta riƙe kwafin abin da ke cikin 'yan uwanta. Aka damƙa wa Ummulkhairi aikin, ba don kowa ya so ba, sai don babu wanda ya kai ta.

Abin da ya rage shi ne manhajar da za ta tuƙa injinan, ta yanka wa kowane shago ɗakinsa a ciki, ta kulle masa. Ummulkhairi ta kafe a kan sai buɗaɗɗiya, irin wadda masu ita suka sake wa duniya: kowa ya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ba mai zuwa wata rana ya ce ya rufe ƙofa. Irinsu da yawa ne. Ta yi ta tankaɗe har suka rage biyu. Ɗaya babba ce, irin wadda manyan kamfanoni ke hawa, tana da sassa kusan goma, kowane sashe da nasa hali. Ɗayar ƙarama ce, shafi guda take nuna maka, ga injinanka, ga ɗakunan mutane, ga inda ke ciwo.

Babbar take so, kuma so mai tsanani. Wata biyar ta yi tana koyonta, ranar da ta fara tashi a hannunta sai da ta yi guɗa ita kaɗai a ɗaki. Ta san in ta kafa ta, daga Gusau har Sakkwato ba a rasa masu kiran sunanta. Injiniya Mujahid ma, ɗan ƙanwar Alhaji Nasidi da ke aiki a Abuja, da aka nemi shawararsa ita ya nuna. Ya ce in za a yi abu, a yi na gaske.

Ana cikin haka ciki ya bayyana, na fari, bayan shekara huɗu da aure. Murna a gidan Sulaiman ba a magana. Ba a yi sati ba sai ga Inna Taiba, uwar Ummulkhairi, ta sauko daga Tsibiri da ƙullin kuka da daddawa. Ba ta kama sunan 'yar fari, don haka bango ta kalla ta yi maganarta.

"A hwaɗa ma wagga, wata bakwai na cika ta taho gida. Can za ta haihu, can za ta yi wanka, sai ta yi arba'in."

"Inna, aikin nan fa..."

"Kuma wayar nan da ta liƙe ma kunne, cikin kwalla za ni saka ta in ruhe. Mai jego ba ta aiki. Ni haka anka yi min."

Ummulkhairi ta juya ga mijinta neman agaji. Sulaiman, mutumin da ke danne bijimi ya yi masa allura, sai ya duƙar da kai yana gyara igiyar agogonsa. Ta lissafa da yatsu: wata biyu kafin haihuwa, kwana arba'in bayanta, ga ɗan abin da Inna za ta ƙara. Wata huɗu ke nan babu ita, babu ko muryarta.

Labari bai kwana ba ya isa ƙungiya. A taron da ya biyo baya wani ya ce dama an faɗa, aikin mace ke nan, ana tsakar tafiya sai ta ce ga uzuri. Alhaji Nasidi bai tsawatar ba. Ya ciro wata takarda daga aljihu, ta wani kamfani a Abuja da ya ce a miƙa masa komai ya riƙe a can.

"Malama, ni ba ni da ƙiyayya da ke," in ji shi. "Amma in kina can Tsibiri abin ga ya tsaya ko na yini guda, wallahi sa hannu zan yi. Mutane ba su iya jiran ki gama wanka."

Ta fita daga taron idonta ya kaɗa. In ya sa hannu, aikinta ya tafi, kuma ajiyar mutane ta koma inda aka sha wuyar ƙwato ta. Ta zauna a ɗakin injina tana kallon babbar manhajar nan da ta sha wa wahala, ta tambayi kanta gaskiya: ranar da wannan ta faɗi, wa zai tashe ta? Amsar ba ta yi mata daɗi ba. Ita kaɗai ce, kuma har ga Allah wannan ne ma abin da ya sa take ƙaunarta.

Ta cikin bango tana jin Baba Filibus yana yi wa wata tsohuwar rediyo faɗa. Mutumin Zuru ne, shekara talatin da biyar a Mafara, ya haura sittin, tabarau ɗaure da zare. Da yatsa ɗaya yake latsa kwamfuta, shi ma sai ya nemo harafin. Amma bai taɓa rufe shago ba sai Lahadi da safe, kuma ba ya mayar da murfin abu sai ya gane abin da ya kashe shi. Ta leƙa ta gaishe shi, aka tambayi gida da jiki da aiki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya sauke tabarau. "Ɗiyata, ni da ko saƙon waya sai an karanta min?"

"Shi ya sa na zo gare ka, Baba. Wadda ka iya tashe ta, ita za mu ɗauka."

Ta rubuta masa bayani a littafin makaranta, shafi ashirin, da Hausa. Ya karanta shafi biyu ya mayar mata. Ya ce wannan ai labarin yadda aka ƙera abin ne, shi kuwa mai gyara ba daga nan yake farawa ba. Mai gyara daga ciwo yake farawa: in fitila ja ta kama, duba kaza. In ta yi ƙara sau uku, duba kaza. In shiru ne gaba ɗaya, fara da wuta. Ta ji haushi ƙwarai, don ta yi zaton yabo za ta samu, amma ta yage ta sake rubutawa yadda ya ce. Shi kuma ya samo fenti kala huɗu ya ɗiga wa kowace wayar inji da ramin da take shiga.

Ta sanar da ƙungiya cewa gwaji za a yi a gaban kowa, Talata biyu a jere, ranar kasuwa da mutanen Bakura da na Maradun ke gari. Kowace manhaja an ba Baba Filibus sati guda yana koyo. Mujahid ya taso daga Abuja musamman, yana dariya, ya ce bai taɓa ganin inda aka zaɓi manhaja da mai gyaran rediyo ba.

Talatar farko babbar ce a kan injinan. Ɗaki ya cika, wasu na leƙe ta taga. Ummulkhairi ta zare faifan ajiya ɗaya daga cikin saba, ta kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, ta miƙa wa Baba Filibus littafi, ta fita ta zauna a benci ta ɗaure bakinta da gefen mayafi. Ya mayar da wuta, injina suka tashi, amma ɗakunan mutane suka ƙi buɗuwa. Wani sashe na jiran wani, wancan kuma na jiran na uku. Dattijo ya bi littafi layi-layi, gumi na ɗiga a kan takarda. Aka yi azahar aka dawo. Ummulkhairi na jin abin da ya kamata ya latsa, kalma biyu ce tak, amma ta danne. Da aka kira la'asar ya fito ya ce, "Ɗiyata, ta fi ƙarfina." Ta shiga, cikin minti goma ta tashe ta. Wani daga baya ya ce to ai ga shi nan, sai da ita.

Talata ta biyu aka ɗora ƙaramar. Ta sake zare faifai, ta sake kashe wuta, ta koma bencinta. Wannan karon shafin ya nuna masa inji ɗaya da jan tambari. Ya duba littafi, ya nemo harafi da yatsansa ɗaya, ya kwashe ɗakunan da ke kan mai ciwon ya mayar kan sauran biyun. Mai shayin da aka aika wa bai gama haɗawa ba Baba Filibus ya leƙo ya ce wa Helen ta duba wayarta. Ta duba, ga magungunanta reras. Ɗakin ya kaure da hayaniya.

Mujahid ya ɗaga hannu, ya dubi Alhaji Nasidi. "Ranka ya daɗe, a yi hattara. Wannan ƙaramar ba za ta ɗauki kamfani dubu ba. In an girma fa?"

Ummulkhairi ta kwance mayafi daga bakinta. "Injiniya, mu arba'in da uku ne. Ranar da muka kai dubu, ka zo mu yi murna mu sauya. Babbar ba ta da laifi, ta inda ke da injiniyoyi goma ce. Mu nan Baba gare mu."

Mujahid ya fashe da dariya ya miƙa wa Baba Filibus hannu biyu. Mutumin kirki ne, iliminsa ne kawai ya saba da manyan wurare. Da yamma, bayan kowa ya watse, Ummulkhairi ta goge babbar manhajar daga injinan da hannunta. Ta yi kuka kaɗan, ba ta ɓoye wa kanta ba, wata biyar ba wasa ba ne.

Aka kai saba ɗaya Bakura, ɗaya Maradun, aka ɗaga eriyoyi. Daga nan duk Talata sai ta lalata wani abu da gangan ta fita, shi kuma ya gyara yana mita. Wata bakwai na cika, Sulaiman ya kai ta Tsibiri. Ko zama ba ta yi ba Inna Taiba ta miƙo hannu. Waya ta shiga kwalla, kwalla ta hau saman jere.

Ta haifi mace ana gab da damina, aka sa mata Husna. Sai wanka: ruwa mai tafasa safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa har ya gundure ta, ga gado mai wuta a ƙarƙashi. Ranar suna Helen ta zo da mata daga Mafara. Ummulkhairi ta jawo ta gefe ta ce yaya injina, Helen ta buɗe baki ke nan Inna ta shigo da ƙwarya ta ce baƙi su fito ga tuwo. Sulaiman kuwa, duk zuwan da zai yi, an riga an ja masa kunne, ba ya wuce "lafiya lau".

Sati biyu bayan suna, ranar wata Alhamis da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗauke rufin makwabta, tsawa ta yi wata irin faɗuwa da sai da jaririya ta firgita. Ummulkhairi ta san abin da tsawa ke yi wa eriya a saman ƙarfe. Ta miƙe tsaye.

"Inna, don girman Allah, minti ɗaya. In ji muryar Baba Filibus kurum."

"Ruwanki na tahwasa," in ji Inna Taiba. "Tashi ki shiga."

Ta shiga wankan tana hawaye, rabi na zafin ruwa, rabi na takaici. A ranta ta gama yanke cewa Alhaji ya sa hannu. Sauran kwanakin haka ta ƙirga su, ba ta ƙara tambayar kowa ba.

Da ta yi arba'in, Inna ta ƙara mata sati guda don ra'ayin kanta, sannan ta sauko da kwalla. Batir ya mutu tuntuni. Ummulkhairi ba ta tsaya caji ba, ta goya Husna, Sulaiman ya ɗauko su, ta ce kada ya bi ta gida, ya wuce bayan kasuwa.

Ƙyauren a buɗe yake. Baba Filibus na zaune a kujerarta, ya ɗora rediyon wani a cinya yana kwancewa, gabansa shafin nan, injina uku duka kore. Ya tashi ya karɓi jaririya, aka yi barka, aka yi gaisuwa mai tsawo, ita kuwa idonta na kan wani allon inji da ke jingine a lungu, baƙi ƙirin, yana warin ƙuna.

"Baba, mene ne wancan?"

"Au, wannan? Tsawar waccan Alhamis ɗin ce. Ta bi ta eriya ta cinye sabar Mafara ƙurmus."

Ya ba ta labari yana jijjiga Husna. Da injin ya mutu, ya kwashe ɗakunan mutane ya mayar kan na Bakura, yadda suka saba. Sai wani abu ya fito da babu shi a littafi. Ya kira Helen ta rubuta masa tambaya da Turanci a dandalin masu amfani da manhajar, kafin magariba wani bawan Allah daga wata ƙasa da bai iya faɗin sunanta ba ya amsa. Mujahid ya aiko da sabon allo a motar haya, shi Baba ya ɗaura da kansa, ai ba ta fi cikin talabijin wuya ba. Ya miƙo mata littafin. Ya ƙara shafi tara da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, kuma a shafi na sha ɗaya ya ja layi a ƙarƙashin nata ya rubuta: "Nan Malama ta yi kuskure." Ta duba, wallahi kuskuren ne. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Suna haka sai ga Alhaji Nasidi, an gaya masa Mai Saba ta dawo. Ya yi barka, ya sa wa jaririya albarka, sannan ya gyara tsayuwa.

"To Malama, kin taki sa'a. Wata huɗu, ko tari abin ga bai yi ba. Da ya lalace kina can, da yanzu wani zance ake."

Ummulkhairi ta nufi lungu. Ta ɗauko ƙonannen allon ta ɗora masa a hannu. Ya juya shi, ya shinshina, baƙin ya shafe masa farar riga.

"Wannan fa?"

"Sabar Mafara ce, Alhaji. Wadda rajistarka ke ciki."

"Yaushe?"

"Alhamis ɗin da anka yi tsawa," in ji Baba Filibus.

Alhaji ya tuna. Ranar ce ya yi lodin tirela biyu, kuma bayan ruwa ya ɗauke ya buɗe rajistar manomansa ya buga wa masu saye, ba abin da ya gani. Ya dubi dattijon da tabaransa mai zare, ya dubi Ummulkhairi.

"Kuma ba a kira ki ba?"

"Da me za a kira ni, Alhaji?"

"Ikon Allah," ya ce. Ya sake cewa, "Ikon Allah!" Ya laluba aljihu ya ciro takardar kamfanin Abuja, ta yi laushi don ninki, ashe duk wata huɗun tana jikinsa. Ya goge baƙin hannunsa da ita tas, yatsa bayan yatsa, ya dunƙule ya jefa a kwandon shara. Sannan ya leƙa waje, inda 'yan kasuwa suka fara taruwa jin an ce ta dawo, ya ɗaga allon sama yadda kowa zai gani.

"Ina mai cewa aikin mace? Ya matso ya gani! Abin ga ya ƙone tana Tsibiri, ko ɗayanku bai sani ba!"

Ya juyo, murya ta sauko. "Malama, in Allah ya kawo na biyu, ki tahi wankanki hankali kwance. Ki ƙara da sati biyu ma."

Ummulkhairi ta karɓi 'yarta daga hannun Baba Filibus, ta juya ta a baya ta ɗaure zani.

"Wata guda zan ƙara, Alhaji," ta ce.